In An Rufe Ƙofa, Ina Mace Za Ta Kai Kuka?

Yau za mu ɗan ajiye maganar girki da ɗinki da renon yara, mu ɗauko wata magana mai nauyi wadda da yawa daga cikinmu suka fi son a bar ta a rufe. Watau maganar dukan mata da musguna musu a ɗakunan aurensu, da yadda abin ya tsananta sa'ad da aka kulle gari saboda annobar korona a shekarar 2020.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ai wannan ya wuce, mene ne na tono shi?" Gaskiya ne ya wuce, gama tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta fita daga matsayin abin gaggawa na duniya. Kasuwa ta ci, makaranta ta buɗe, an koma biki da suna. To amma annoba ba ta yin sallama kafin ta shigo, kuma ba annoba kaɗai ke sa a hana fita ba. Rikici ma kan sa, ambaliya kan yanke hanya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka yanzu da hankali ke kwance, yanzu ne ya kamata mu duba abin da ya sami mata a wancan lokaci, mu yi shiri.

Bari mu tuna yadda aka yi. An fara ganin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. A ƙarshen Fabrairu 2020 ta ɓulla a Legas. Cikin watan Maris aka rufe makarantu, aka dakatar da zaman kotuna sai dai shari'un gaggawa. Jihar Kaduna ta hana fita dare da rana tun kafin watan ya ƙare, kuma daga ranar 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja. Kano ta bi baya ranar 16 ga Afrilu, saura mako guda a ɗauki azumi. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a saki hanya ba sai 1 ga Yuli. Rediyo da talabijin, safe da yamma, magana ɗaya suke yi: kowa ya zauna a gida don ya tsira.

Ko shakka babu, shawarar ta yi daidai ta fuskar cuta, kuma ga mata da yawa zaman bai zo da wata illa ba face ƙuncin aljihu. Wasu ma sun ce a lokacin ne suka fara ganin maigida ya ɗauki jariri ko ya duba littafin yaro. Amma akwai matar da ba ta da wurin da ya fi gida haɗari. Ita aka ce wa ta zauna, aka rufe ƙofa, aka bar ta da mai dukanta dare da rana.

Duniya ba ta daɗe ba ta farga. A farkon Afrilu 2020 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, wanda bai jima da roƙon a tsagaita wuta a fagagen yaƙi ba, ya sake fitowa ya roƙi a yi zaman lafiya a cikin gidaje. Hukumar mata ta Majalisar ta kira abin annoba ta biyu mai tafiya a ɓoye. Ta ce a cikin wata 12 kafin korona, mata da 'yan mata miliyan 243 masu shekara 15 zuwa 49 sun sha duka ko tilastawa daga hannun mazansu ko samarinsu. Da aka kulle gari, ƙarar da ake kaiwa a Faransa ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, a Ajantina kiran neman agaji ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Watau abin bai bar ƙasar masu kuɗi ba, bai bar ta talakawa ba.

A nan gida Nijeriya, wani bayani da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar daga jihohi fiye da 20 ya nuna an kai ƙarar cin zarafi 346 a watan Maris, amma a farkon Afrilu kaɗai ta kai 794. Sufeto Janar na 'yan sanda na wancan lokaci, Mohammed Adamu, ya ce daga Janairu zuwa Mayu 2020 an kai musu ƙarar fyaɗe 717. Waɗannan fa su ne waɗanda suka samu suka kai kuka. Ni da ke mun san waɗanda suka haɗiye nasu sun fi yawa.

Sai dai a nan akwai abin lura, kada mu ɗora wa korona laifin da ba nata ba. Cuta ba ta ɗaga hannu ta mari kowa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018, shekara biyu kafin annobar, ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka tun daga shekara 15. A cikin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 55 cikin 100 ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Waɗanda suka nema kuwa, yawancinsu wurin danginsu suka nufa. Ashe wutar tana nan da ma a ƙarƙashin toka, kulle iska ya hura mata.

Ta yaya ya hura? Ta hanya biyu. Ta farko sananniya ce. Magidanci ɗan dako ko lebura ko mai tuƙa a-daidaita-sahu sai ya fita yake samun na cefane. An ce kada ya fita. Yara na kukan yunwa, ɗaki ɗaya, zafin bazara, ga azumi. Uwargida ita ma ƙosai ko ɗan waken da take sayarwa ya tsaya, adashi ya tsinke. Ta ce babu gari, ya ji kamar gori take yi masa. Wanda da ma hannunsa ke da sauri, sai ya huce a kanta. Wannan bayani ne na yadda abin ke faruwa, ba uzuri ba ne, gama dubban magidanta sun kwana da yunwa a wancan lokaci ba su taɓa matansu ba.

Hanya ta biyu ita ce ba a cika faɗi ba, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Kulle ya toshe duk wata ƙofa da mace ke bi ta tsira. Na ji wasu suna cewa, "Mu matan Hausawa ai da ma a kulle muke, me ya canza?" Abubuwa da yawa suka canza. Matar kulle ta al'ada ba ita kaɗai take ba. Maigida kan fita da safe sai dare, ta samu ta numfasa. Yara na shiga suna fita da saƙo. Mai kitso na zuwa, dillaliya na zuwa, maƙwabciya na leƙowa ta katanga. Ana haɗuwa a gidan suna da biki da makarantar Islamiyya da awon ciki, ido ya ga ido, a gane wadda fuskarta ta kumbura. In tura ta kai bango, ta ɗauki mayafinta ta yi yaji zuwa gidan iyayenta, a zauna da waliyyai, a ja wa miji kunne kafin a ba shi biko. In abin ya fi ƙarfin iyaye, ga mai unguwa, ga liman ko fasto, ga Hisba a inda take, ga alƙali. Waɗannan su ne matakan da iyayenmu suka gina, kuma ko da ba su cika ba, sun ceci rayuka.

To, dokar kulle ta zo ta share su gaba ɗaya a rana ɗaya. Yaji ya gagara, don babu mota, ga shinge a kan hanya, balle wadda iyayenta ke wata jiha. Baƙo ya daina shiga gida don tsoron cuta. Masallaci da coci a rufe, kotu a rufe, ofis a rufe. Asibiti kuwa hankalinsa ya koma kan korona, mutane ma tsoron zuwa suke yi. A Kano an ware Litinin da Alhamis don a fita sayen abinci, abin kuma ya yi kyau. Amma wace rana aka ware wa matar da aka karya wa hannu?

Wata za ta ce ai ga waya. Haka ne, ƙungiyoyi da ma'aikatu sun ba da lambobi a rediyo. Amma yaya za ki kira ki kai ƙarar mutumin da ke zaune kan tabarma ɗaya da ke? Wata ma wayar a aljihunsa take, wata ba ta da kuɗin kira. A ƙasar Italiya, a makonnin farko na kulle, kiran da mata ke yi wa masu agaji raguwa ya yi ƙwarai. Masu aikin ba su yi murna ba, don sun gane ba dukan ne ya ragu ba, damar kira ce ta ragu. Mu riƙe wannan da kyau: shirun gida ba kullum ne alamar lafiya ba.

Ni kaina na ga wani abu a unguwarmu da ba zan manta ba. Akwai wata baiwar Allah da muke jin kukanta ta katanga kusan kowane dare a cikin azumin nan. Da can in abin ya yi tsanani takan tafi wurin gwaggonta a wani gari ta yi kwana biyu. Wannan karon babu hanya. Mu matasa muka yi tsuru-tsuru, kowa na cewa ba a shiga tsakanin miji da mata. Wata tsohuwa ce ta fi mu dabara. Da ta ji an fara, sai ta ɗauki ƙoƙo ta je ta buga ƙofa, ta ce gishiri ta zo nema. In an buɗe ta shiga ta zauna, ta kama hira, ba ta tashi sai wuta ta mutu. Ta yi haka har sau da yawa, kana ta sa aka gaya wa mai unguwa, shi kuma ya kira wan matar ta waya. Gishirin nan bai gyara halin mijin ba, amma ya sa ya san akwai kunnen da ke ji, ya kuma tsare matar har hanya ta buɗe danginta suka zo.

Abin mamaki, irin dabarar tsohuwar nan ce gwamnatoci suka yi a wasu ƙasashe. A tsibiran Kanari na ƙasar Sifen aka fara shirya cewa mace ta shiga kantin magani ta ce a ba ta "takunkumi 19". Mai kanti ya san ma'anar, sai ya kira mata 'yan sanda. Faransa ta ɗauki wannan dabara, ta kuma yi alkawarin biyan kuɗin kwana 20,000 a otal-otal don waɗanda suka gudo daga gida. A Kanada wata gidauniyar mata ta fito da alamar hannu: mace ta ɗaga tafi, ta lanƙwasa babban yatsa ciki, ta rufe shi da sauran, duk wanda ya gani a hoton waya ya san tana neman agaji. Ba lalle mu kwaikwayi kowace ɗaya ba. Abin koyi shi ne sun tambayi kansu: ina ne ya rage a buɗe? Sai suka kai taimakon can.

Mu ma ba a ce ba a yi kome ba. A watan Yuni 2020, bayan wasu kashe-kashe da fyaɗe da suka girgiza ƙasa, gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata. Akwai kuma dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayu 2015. Da fari Abuja kaɗai ta shafa, sai jihar da majalisarta ta karɓa. Kaduna ta karɓa a 2018, kuma bayan 2020 yawancin jihohi suka bi. Dokar ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya doki abokin aurensa, ta hana korar mace daga gida da ƙarfi, ta kuma ba kotu ikon ba da takardar kariya da za ta hana mai duka kusantar wadda yake duka. Wannan ci gaba ne babba, in aka tuna sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya bar wa miji ƙofar "horon" matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba.

Har ila yau akwai cibiyoyin da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, su duba su, su ba su magani da shawara: Salama a Jihar Kaduna, Waraka a Asibitin Murtala na Kano, Nana Khadija a Sakkwato, Mirabel a Legas. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da WRAPA, da FOMWAN, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Allah ya saka musu. Amma yawancinsu a manyan birane suke, matar ƙauye kuwa ko sunansu ba ta taɓa ji ba. Dokar da ke cikin takarda, wadda uwargida ba ta san da ita ba, ba za ta tare mata mari ba.

Yanzu bari in juya gare ku, ƙannena 'yan makaranta. Makaranta ba wurin karatu kaɗai ba ce, garkuwa ce. Malama ce kan fara lura da yarinyar da ta daina magana a aji, ko wadda ke ɓoye tabo da hijabi. A Saliyo, lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2015, an rufe makarantu wajen wata tara, dubban 'yan mata suka yi ciki, da yawa ba su koma aji ba. Mu ma da aka buɗe makarantu sosai a Oktoba 2020, na shiga aji na ga bencin da babu masu shi. Da na tambaya, aka ce wance an yi mata aure, wance tana talla. Ku sani, mai cutar da yarinya sau da yawa ba baƙo ba ne, wanda aka saba da shi ne a gida ko a unguwa. Duk wanda ya taɓa ki inda bai kamata ba, ko ya ja ki lungu, ko ya ce in kin faɗa zai yi miki kaza, ki gaya wa mahaifiyarki ko malamarki a ranar. Laifin nasa ne, ba naki ba. In ta farko ba ta saurare ki ba, ki gaya wa ta biyu. In kuwa abin ya riga ya faru, a garzaya asibiti kafin kwana uku su cika, domin maganin da ke kare mutum daga cutar ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shan sa.

Na san abin da ake gaya wa kowace amarya ranar da za a kai ta: yi haƙuri, aure ibada ne. Ban zo in rushe wannan ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma gidan da babu haƙuri ba ya tsayuwa. A yi haƙuri da talauci, a yi haƙuri da bambancin hali, a yi haƙuri da ɓacin rai na yau da gobe. Amma matar da ake shaƙe wa wuya, ko ake duka tana da ciki, ko aka nuna wa wuƙa, in aka ce mata ta koma ta yi haƙuri, ba aure aka gyara ba, rai aka sa a caca. Malamanmu kuwa suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba. Iyaye mata, in 'yarki ta zo da jini a baki, ki fara sauraronta kafin ki fara tunanin abin da mutane za su ce. Yaran da ke kallo ma abin na shiga zuciyarsu, namijin ya tashi yana ganin haka ake yi, macen ta tashi tana ganin haka ake jurewa.

Saboda haka wannan fili yana kira ga hukuma da abu huɗu. Na ɗaya, duk ranar da aka sake hana fita, ko don cuta ko don rikici, a sa masu agajin mata cikin ma'aikatan da ba a tsayar da su, kamar likita da mai kawo abinci, a ba su takardar wucewa tun ranar farko. Na biyu, a faɗa a rediyo da Hausa, a kuma gaya wa masu tsaron shinge, cewa matar da ta fito gudun duka ba ta karya doka ba, a taimaka mata ta isa inda za ta. Na uku, a bar alƙali ko da ɗaya a kowace ƙaramar hukuma don irin wannan ƙara, a kuma samar da layin waya na kyauta mai gajeruwar lamba, wanda mace mai jin Hausa za ta amsa. Na huɗu, a koya wa ungozoma da ma'aikatan ɗakin shan magani da masu kantin magani yadda za su gane alama da inda za su tura mace, tun da su ne ba a rufewa. In ana rabon tallafin abinci kuma, a sa hannun mata a ciki.

Ke kuma uwargida, in kin san gidanki akwai wannan matsala, kada ki jira ranar tsanani. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu da kika amince da su, ki gaya musu gaskiya. Ki haddace lambar wayar ɗan'uwanki, kada ki dogara da wadda ke cikin waya. Ku shirya wata alama da maƙwabciyarki, ko kalma ce da za ki aiko yaro da ita, ko buga katanga. Ki ajiye ɗan kuɗin mota da katin asibiti da takardun yara a inda hannunki zai kai da sauri. In rigima ta tashi, ki nisanci madafi inda wuƙa da wuta suke, ki matsa kusa da ƙofa. In an ji miki ciwo, ki je asibiti a rubuta, don takardar likita shaida ce.

Ke da Allah ya ba gida lafiya, ki gode masa, sa'an nan ki buɗe kunne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba a ce ki shiga faɗa ki ja wa kanki ba, amma kina iya buga ƙofa, kina iya kiran mai unguwa, kina iya riƙe sirrin wadda ta amince da ke ba tare da kin kai shi gidan biki ba. Na kuma san akwai magidanta da ke leƙa wannan fili in uwargida ta ajiye jarida. Malam, kai ma da kai muke. Abokinka ya fi jin maganarka a kan tamu. In ka san yana dukan iyalinsa, ka gaya masa a majalisa cewa wannan ba mazakuta ba ce.

Annobar 2020 ta nuna mana cewa abin da ke tsare mace a gidan miji, bayan tsarewar Allah, shi ne ƙofar da ke buɗe da idon jama'a da ke gani. Gwamnati na iya rufe kasuwa da tasha in lalura ta kama, amma kada a sake rufe hanyar kai kuka. Kafin hukuma ta motsa, kowace unguwa tana iya samun tsohuwa mai ƙoƙon gishiri, kuma babu abin da ya hana ke ki zama ita.

Allah ya kiyashe mu da annoba, ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ba mazanmu abin cefane da sanyin zuciya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa. Wassalam.